Jikan Fatoma

Na dawo hutu da jaka ɗaya da littafi uku,
ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin zaure.
Kaka Tsahara na ɓarar gyaɗa a faifai,
ba ta ɗaga kai ba ta ce:
"Lawali, sake gaya mini, mi kake karantawa?"

Na ce, "Harkar yawon buɗe ido, Kaka,
irin na ƙasa da ƙasa."
Ta yi dariya har ɓawo ya zube.
"Yawo? Shekara uku a jami'a don yawo?
Kawunka Ɗan Jimo kyauta ya yi nashi,
ya komo daga Abijan ba ko takalmi."

Na zauna na buɗe mata littafin.
Ga lissafin ɗakuna:
in otal na da arba'in, sha biyu suka kwana da mutum,
nawa aka ci, nawa ya bi ruwa.
Ga yadda ake yanka tikitin Jidda,
yadda ake tsara wa baƙo kwana uku
kada ya gaji,
kada kuma kuɗinsa su koma gida tare da shi.
Da wannan takarda ana riƙe otal,
ana zama filin jirgi, ana jigilar alhazai,
wasu gwamnati ke ɗauka ta ba su tebur.
Ni dai so nake in kai mutane Madarunfa da asuba
su ga masunta na jan taru,
in biyo da su rumfar dukawa
su taɓa fatar jar akuya
su ji dalilin da ya sa take tsada.

Abin da ban faɗa mata ba:
wata biyu cur ina sitaj a bayan kanta,
Bature guda na gani,
shi ma rijiya ya zo dubawa,
jandarma biyu na bin motarsa.
Sauran 'yan kasuwa ne daga Jibiya da Kano,
sai masu taron bita da ke tambayar kuɗin zama.
A ajinmu ma an fara raɗa:
wa za mu tarba in mun gama?

Ta karkaɗe zani, ta nuna da haɓa.
"Ka ga ɗakunan nan shida da buhuna ke kwana ciki?
Kakanka fatoma ne.
Fataken goro nan suke sauka, da Buzaye masu gishiri,
bai san baƙi ba, bai san biro ba,
amma daga takun mutum a zaure
ya san mai riba, ya san wanda aka cuta a hanya.
Wanda aka cuta shi ake fara ba fura,
ba a tambayarsa komi sai ya yi barci.
Akwai wannan cikin littafin naka?"

Na ce akwai babi kan gamsar da baƙo,
shafi talatin, har da zane.

"To madalla. Da ka shigo, wa ka wuce a zaure?"

Na tuna: wani dattijo da buta da ƙullin kaya,
ƙafafunsa sun yi fari da tafiya.
Na yi masa sallama da rabin baki,
ina jan jakata mai taya.

"Daga Dakwaro yake, ɗiyarsa na asibiti,
bai san kowa ba garin ga.
Randa na nan inda ka bar ta.
Ɗauraye kwanon sha, ba wancan ba, mai murfin.
In ka kai mishi ka durƙusa,
ka zauna har ya shanye.
Sauran karatun mu ji shi bayan isha'i."